Sanin girma da halin babban kaya a rumbun bayanai ba tare da an karanto shi ba

Tambaya: Ina kula da wata manhaja da aka rubuta da harshen C, wadda ke ajiye hotunan takardu a rumbun bayanai na Informix, a ginshiƙi mai nau'in BLOB. Duk lokacin da ma'aikaci ya nemi jerin takardu, manhajar sai ta karanto kowace takarda gaba ɗaya don kawai ta nuna girmanta, allon kuma sai ya daɗe bai buɗe ba. Shin akwai yadda zan san girman takarda, da ranar da aka saka ta, da lokacin da aka duba ta na ƙarshe, da waɗanda za mu iya gogewa, ba tare da na karanto su ba? Muna kuma shirin komawa PostgreSQL, ko hanyar za ta yi aiki a can?

Amsa: Malam, hanyar tana nan, kuma Informix ya tanade ta tun asali, ba dabara ce da za ka ƙirƙira da kanka ba. Sai dai abubuwa huɗun da ka nema ba su zo daidai wajen sauƙin samu ba. Girma za ka same shi nan take kuma za ka iya dogara da shi. Lokacin dubawa na ƙarshe ba ya samuwa sai idan an umarci rumbun ya riƙa ajiye shi tun kafin a duba. Ranar da aka saka takarda kuwa ba ta cikin abin da rumbun yake riƙewa, ko da yake akwai wata lamba mai kama da ita da ta yaudari mutane da yawa, sannan batun gogewa ba a yanke shi da kallon lamba ɗaya.

Tushen maganar shi ne takardar ba ta zaune a cikin layin teburinka. Informix yana da iyali biyu na manyan kaya. Na farko su ne BYTE da TEXT, tsofaffin nau'o'in da ake ɗauka ko a ajiye ɗungurungum. Na biyu su ne BLOB, na kaya irin hotuna, da CLOB, na rubutu, waɗanda suka shigo bayan kamfanin ya sayi Illustra a 1996, wato kamfanin da Michael Stonebraker ya gina a kan binciken Postgres na jami'ar Berkeley, kuma su ne ake iya buɗewa, a karanta wani yanki, a rubuta a wani yanki, a rufe, tamkar fayil. Ana ajiye su a wani keɓantaccen wuri da ake kira sbspace, abin da ke cikin layin teburin kuwa manuni ne kawai mai bayit 72 da ke faɗin inda kayan yake. Shi sbspace ɗin ya kasu biyu: wurin da ainihin abin da ke cikin takardar yake, da wani ƙaramin yanki inda sabar ke rubuta bayanin kowane kaya, kamar girmansa da lokutan da aka taɓa shi da yawan masu nuni gare shi. Wanda ya taɓa ajiye hatsi a sito ya san tsarin: rasidi yana hannunka, buhuna suna ciki, mai sito kuma yana da littafin da ya rubuta yawansu, don haka ba sai an fito da buhunan an sake ƙirgawa ba kafin ka san abin da ka mallaka. Manhajarka a yanzu fito da buhunan take yi.

A ESQL/C, wato hanyar da manhajar C ke magana da Informix, aikin yana tafiya kamar haka. SELECT ɗinka zai zuba manunin a gurbi mai nau'in ifx_lo_t, kuma har zuwa nan ko bayit ɗaya na takardar bai ratso waya ba, wanda ke nuna cewa jinkirin da kake gani ba daga tambayar yake ba, daga karatun da ke biyo bayanta ne. Sai ka miƙa manunin ga ifx_lo_open tare da tutar LO_RDONLY, ya ba ka mariƙi, wato ƙaramar lamba da ke wakiltar buɗaɗɗen kayan, ko ya dawo da -1 idan buɗewar ta gaza. Wannan mariƙin ake ba ifx_lo_stat, ba manunin ba, kuma a nan ne masu farawa suka fi tuntuɓe. Umarnin zai keɓe wani tsari mai nau'in ifx_lo_stat_t a ƙwaƙwalwar na'ura, ya cika shi, ya dawo da sifili idan komai ya tafi daidai ko lamba ƙasa da sifili idan an sami matsala. Tsarin a rufe yake, ba a leƙa cikinsa kai tsaye, sai ta wasu ƙananan umarnai: ifx_lo_stat_size don girma, ifx_lo_stat_mtime_sec da ifx_lo_stat_ctime da ifx_lo_stat_atime don lokuta uku, ifx_lo_stat_refcnt don adadin masu nuni, da ifx_lo_stat_cspec don sharuɗɗan da aka ajiye kayan a kansu. Idan ka gama, ka kira ifx_lo_stat_free ka mayar da wurin da aka keɓe, sannan ifx_lo_close ka saki mariƙin. Mantawa da waɗannan biyun ba ya nuna kansa a gwajin takardu goma, amma a zagayen da ke bin layuka dubu ɗari zai cinye ƙwaƙwalwa ya kuma bar tarin kaya a buɗe, shi ya sa ya kamata sakin ya kasance har a hanyar da manhaja ke bi idan an sami kuskure.

Wannan iyalin umarnai yana da 'yan uwa a sauran ƙofofin Informix. Mai rubuta abin da zai gudana a cikin sabar da DataBlade zai ga mi_lo_stat da ire-irensa, inda dole ne a sa gurbin tsarin ya zama NULL kafin kiran farko don umarnin ya san cewa sabo zai keɓe, mai Java kuma zai ga ajin IfxLoStat. Sunaye ne suka bambanta, bayanin guda ne.

Girma yana zuwa ne a nau'in ifx_int8_t mai bayit takwas, ba a lambar C ta yau da kullum ba, kuma da dalili. Kaya irin BLOB yana iya kaiwa terabayit 4, lamba mai bit 32 kuwa tana tsayawa ne a 2,147,483,647, wato kusan gigabayit 2. Takardunka wataƙila ba za su kai nan ba, amma ranar da wani ya saka bidiyon taro a ginshiƙin nan, manhajar da ta matse girman cikin ƙaramar lamba za ta ba da kuskure ko ta nuna abin da ba shi ba ne. Idan nunawa kawai za ka yi, ifx_int8toasc zai mayar maka da shi rubutu, sai dai ka tuna ba ya rufe rubutun da alamar ƙarshe da C ke buƙata, kai za ka sa ta da kanka.

Akwai abubuwa biyu da lambar girman ba ta faɗa. Na ɗaya, bayit take ƙirgawa ko da kayan CLOB ne, bayit kuwa ba harafi ba ne. A tsarin UTF-8 haruffan ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu yake ci, don haka kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce amma bayit biyar, rubutun ajami kuma kusan kowane harafinsa biyu ne. Wannan yana zama matsala idan manhaja tana magana da rumbu fiye da ɗaya, domin DBMS_LOB.GETLENGTH na Oracle da Clob.length na JDBC haruffa suke ƙirgawa a kan CLOB, a kan BLOB kuwa bayit ake ƙirgawa. Mutum biyu za su iya auna rubutu ɗaya su sami lambobi biyu, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Na biyu, girman kaya ba shi ne wurin da ya ci a faifai ba, domin sabar tana raba wuri ne shafi-shafi kuma a dunƙule, ba bayit-bayit ba. Idan abin da ake tambayarka shi ne nawa ya rage kafin sbspace ya cika, amsar tana wurin mai kula da rumbu da kayan aikinsa irin su onstat da oncheck, ba a haɗa girman takardu ba.

Lokutan uku su ne inda ya kamata mu daɗe, domin a nan ne buƙatarka da abin da rumbun ke bayarwa suka rabu. An kwaikwayi tsarin ne daga umarnin stat na Unix, har da sunayen, kuma an gaji ruɗaninsa tare da shi. Lokacin mtime shi ne na ƙarshe da aka rubuta wani abu a cikin kayan. Lokacin ctime shi ne na ƙarshe da halin kayan ya sauya ta kowace fuska, ko an rubuta a ciki, ko an sauya sharuɗɗan ajiyarsa, ko adadin masu nuni gare shi ya ƙaru ko ya ragu. Mutane da yawa suna ɗaukar harafin c a matsayin alamar lokacin ƙirƙira, kuma gwajin farko yana ƙarfafa musu zato, domin a sabuwar takardar da ba a sake taɓawa ba lambar takan yi daidai da lokacin da aka saka ta. Amma a ce an saka takarda a watan Janairu, sannan a watan Yuni wani ya kwafi layinta zuwa teburin tarihi: ko harafi ɗaya bai sauya a cikinta ba, amma ctime zai koma Yuni, domin an ƙara mai nuni. Rahoton da aka gina a kansa zai ce duk takardun da aka kwafa ran nan a rana ɗaya suka shigo. Idan takardunku ba a gyara su bayan an saka, mtime ya fi kusa da abin da kake nema, amma kusa ne kawai, kuma duk aikin da ya sake rubuta kayan, kamar fitar da bayanai a sake loda su, zai shafe wannan alamar.

Lokacin atime kuwa, wato dubawa ta ƙarshe, ba a ajiye shi sai an nema. Asalin saitin shi ne kada a ajiye, kuma wannan zaɓi ne mai hikima, domin ajiye shi yana mayar da kowane karatu ya zama rubutu a yankin bayanin kaya, yankin da sabar ke shigar da duk sauye-sauyensa a kundin mu'amaloli (mu'amala ita ce rukunin ayyukan da rumbun ke tabbatarwa ko sokewa gaba ɗaya), ga kuma cunkoso idan mutane da yawa suna karanta takarda ɗaya. Ana kunna shi da KEEP ACCESS TIME a sashen PUT na bayanin teburi, ko a saitin sbspace ɗin baki ɗaya, ko da tutar LO_KEEP_LASTACCESS_TIME lokacin ƙirƙirar kaya. Saitin da ya fi kusa da kayan shi ke rinjaye: na mai ƙirƙira ya danne na ginshiƙi, na ginshiƙi ya danne na sbspace. Don haka kafin ka yarda da lambar atime, ka karɓi sharuɗɗan ajiya ta ifx_lo_stat_cspec, ka duba tutocin da ifx_lo_specget_flags, ka tabbatar an kunna ajiyar a kan wannan kayan musamman, kuma ka yi hakan kafin ka saki tsarin halin. Sauya PUT a yau zai shafi sabbin kaya ne kawai, tsofaffin sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da ifx_lo_alter, kuma ba zai dawo da tarihin da ba a rubuta ba.

Ko da an ce an kunna shi tun ranar farko, a halin da kake ciki lambar ba za ta amfane ka ba, kuma dalilin yana cikin tambayarka. Rumbun bai san bambancin ma'aikacin da ya buɗe takarda don ya karanta da manhajar da ta karanto ta don ta auna girmanta ba. Tunda allon jerin takardunku yana karanto kowace takarda, duk wadda ta taɓa fitowa a jeri za ta nuna kamar jiya aka duba ta. Abin da shugabanninka suke nufi da "an duba" shi ne mutum ya buɗe, wannan kuwa manhaja ce kaɗai ta san shi.

Dukkan lokutan nan suna zuwa ne a matsayin adadin sakan tun 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, don haka a Najeriya da Nijar, da ke gaba da awa ɗaya, takardar da aka gyara da ƙarfe 12:30 na dare za ta faɗa a ranar da ta gabata idan ba a mayar da lokacin zuwa na gida ba. Ka kuma ajiye su a gurbi mai faɗi, domin lamba mai bit 32 za ta ƙare a ranar 19 ga Janairu 2038.

Adadin masu nuni shi ne yawan manunai da aka ajiye aka kuma tabbatar, waɗanda ke nuni ga kayan nan guda. Idan aka yi INSERT da SELECT daga wannan teburi zuwa wancan, manunin ake kwafa ba takardar ba, sai adadin ya zama biyu, layuka biyu suna kallon kaya ɗaya, kuma wanda ya rubuta ta hanyar ɗayan ya sauya abin da ɗayan zai gani. Mai son kwafi na gaske sai ya yi amfani da LOCOPY. Amfanin lambar a wurinka shi ne ta gaya maka abin da zai biyo bayan gogewa: idan ka goge layin da adadin kayansa ɗaya ne, sabar za ta kawar da kayan bayan an tabbatar da mu'amalar kuma babu mai riƙe da shi a buɗe, idan kuwa biyu ne, ba za ka sami ko bayit ɗaya na wuri ba. Abin da lambar ba za ta gaya maka ba shi ne ko ana buƙatar takardar. Duk kayan da ka iske ta hanyar tabbataccen layi adadinsa aƙalla ɗaya ne, don haka ba za ka sami marayu, wato kayan da babu layin da ke nuni gare su, ta hanyar bin teburi ba. Sabar da kanta take kwashe masu sifili, ragowar da suka maƙale kuma aikin onspaces -cl ne a hannun mai kula da rumbu. Ko takarda ta cancanci gogewa hukunci ne na dokar ajiye takardu ta ma'aikatarku, rumbun bai da ta cewa a ciki.

Akwai kuma batun cewa abin da ifx_lo_stat ya ba ka hoto ne na lokacin da ka tambaya. Tsarin da ke hannunka ba ya sabunta kansa, idan ka rubuta a kayan sai ka sake tambaya. Buɗe kaya yana iya ɗora masa kulle gwargwadon yadda ka buɗe shi da matakin keɓewar mu'amalarka, kuma yana iya sa ka jira idan wani yana rubutu a ciki. Don allon da girma kawai zai nuna, LO_DIRTY_READ zai kauce wa jiran, bisa sharaɗin ka yarda lambar tana iya zama ta aikin da ba a kammala ba. Kada ka yi amfani da irin wannan lambar wajen keɓe wurin da za ka zuba abin da za ka karanto daga baya. Ka kuma duba ko ginshiƙin yana kan LOG ko NO LOG, domin asalin saitin shi ne NO LOG, inda sabar ke kare bayanin kayan amma ba ta shigar da abin da ke cikinsa a kundin mu'amaloli, ta yadda bayan ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu za ka iya samun girma mai kyan gani a kan takardar da cikinta ya lalace. Girma daidai ba shaidar lafiyar takarda ba ne.

Da wannan gyaran allonka zai yi sauri sosai, amma bai kai inda ya kamata ba, domin kowace takarda tana buƙatar buɗewa da tambaya da rufewa, kuma jerin takardu 500 zai zama kai-komo kusan 1,500 tsakanin manhaja da sabar. A cikin gini ɗaya ba za a ji shi ba, a reshen da ke haɗe ta intanet mai rauni za a ji. Wannan ne ya sa a ganina ifx_lo_stat kayan aikin bincike da tantancewa ne, ba abin da za a ɗora allon yau da kullum a kansa ba. Abin da ya fi shi ne ka ƙara ginshiƙai na kanka a gefen na BLOB: girma, nau'in fayil, lokacin shigowa, wanda ya saka, da zanen yatsan takardar, wato gajeriyar lambar da lissafin SHA-256 ke fitarwa daga abin da ke cikinta, a cika su a cikin mu'amalar da ta saka takardar don kada su rabu. Dubawa kuma ta sami ƙaramin teburinta, inda manhaja za ta rubuta layi duk lokacin da mutum ya buɗe takarda. Da haka jerin zai fito da SELECT ɗaya, za a iya tsara shi bisa girma ko rana, sannan ifx_lo_stat ya koma aikin dare da ke gwada abin da ka rubuta da abin da rumbun ya sani.

A PostgreSQL wannan shawara ta tashi daga zaɓi ta zama dole, domin babu umarnin da ya yi daidai da ifx_lo_stat a can, duk da cewa su biyun kakansu ɗaya. Manyan kaya suna zaune ne a teburin pg_largeobject, an yanyanka su gunduwa-gunduwa, kowace bayit 2,048 a saitin da aka saba, kowace da lambar shafinta da ke farawa daga sifili. Teburin pg_largeobject_metadata, wanda ya zo da sigar 9.0 a 2010, lambar kayan da mai shi da izinin da aka bayar a kansa kawai yake riƙewa. Babu girma, babu lokaci ko ɗaya, babu adadin masu nuni. Ana samun girma ne ta tsohuwar dabarar fayil: a buɗe da lo_open, a tura mariƙin zuwa ƙarshe da lo_lseek64 tare da SEEK_END, lambar da ya dawo da ita ita ce girman. Wannan ba ya karanta kayan, gunduwar ƙarshe kawai sabar ke nema ta yi lissafi, ta yadda idan shafin ƙarshe shi ne na 1,000 kuma yana ɗauke da bayit 500, amsar ita ce 1,000 sau 2,048 a ƙara 500, wato 2,048,500. Umarnai masu 64 a sunansu sun zo ne da sigar 9.3 a 2013, lokacin da iyaka ta tashi daga gigabayit 2 zuwa terabayit 4, tsohon lo_lseek kuwa yana gazawa idan matsayin ya wuce gigabayit 2.

Abubuwa biyu za su kama wanda ya zo daga Informix. Mariƙi a PostgreSQL ba ya rayuwa sai a cikin mu'amala, don haka idan ba ka fara da BEGIN ba, zai mutu da zarar lo_open ya dawo, kira na gaba kuma ya ce maka mariƙin ba shi da inganci. Sannan yanayin buɗewa yana sauya abin da za ka gani: da INV_READ kaɗai za ka ga kayan yadda yake a hoton rumbun da mu'amalarka ke gani lokacin buɗewa, ko da wasu sun rubuta daga baya, da INV_WRITE kuwa za ka ga duk abin da aka tabbatar zuwa yanzu har da naka rubutun. Za ka kuma ci karo da masu ba da shawarar a haɗa tsawon gunduwoyin pg_largeobject don a sami girma. Ka guje ta, domin teburin ba a buɗe yake ga kowa ba, hanyar tana bin kowace gunduwa, kuma kaya yana iya samun giɓi a tsakiya inda ba a ajiye shafi ba, sai jimillar ta gaza ainihin girman.

Rashin adadin masu nuni shi ne babban bambanci a batun gogewa. A PostgreSQL idan ka goge layi, kayan yana nan zaune yana cin wuri har sai an kira lo_unlink a kansa, idan kuma ka kira shi alhali wani layi yana nuni ga kayan, babu abin da zai hana ka. An tanadi abubuwa biyu don wannan: ƙarin manhaja mai suna lo, mai ɗauke da lo_manage, wanda ke goge kaya idan an goge ko an sauya layinsa, amma yana ɗauka cewa layi ɗaya ne kawai ke nuni ga kowane kaya, da kuma vacuumlo, wanda ke lissafa dukkan kaya, ya cire waɗanda ya ga lambarsu a ginshiƙai masu nau'in oid ko lo, ya goge sauran. Na taɓa duba wani rumbu a wani wurin aiki inda aka ajiye lambobin kayan a ginshiƙi mai nau'in bigint, kuma da na gudanar da vacuumlo tare da -n, wanda ke nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba, sai ya lissafa kusan duk takardun wurin a matsayin marayu. Ba don wannan tutar ba da ya share su, kuma da ya yi aikinsa ne yadda aka rubuta shi.

Ga takardu irin naku, waɗanda da wuya ɗaya ta wuce 'yan megabayit, ni zan fi karkata ga nau'in bytea a PostgreSQL maimakon manyan kaya. Iyakarsa gigabayit 1 ce, yana tafiya tare da layinsa idan an goge, ana ba da izini a kansa kamar kowane ginshiƙi, kuma octet_length yana faɗin girmansa daga ƙaramin bayanin da ke cikin layin ba tare da ya ɗauko abin da ke ciki ba. Illarsa ita ce yawanci gaba ɗaya ake ɗauko shi zuwa ƙwaƙwalwa, wanda ba matsala ba ne ga takarda mai shafi ashirin amma matsala ne ga bidiyo.

Kowanne ka zaɓa, akwai aikin da dole a yi shi tun kuna kan Informix, domin lokutan nan uku da adadin masu nuni suna zaune ne a sbspace, ba sa bin takarda idan an fitar da ita. Ka rubuta manhajar da za ta bi kowane layi sau ɗaya, ta buɗe kayan, ta karɓi halinsa kafin ta karanta ko bayit ɗaya, ta rubuta girma da mtime da ctime da adadin masu nuni a sababbin ginshiƙan, sannan daga baya ta karanta don ta fitar da zanen yatsa. Wanda adadinsa ya wuce ɗaya ka ware shi, ka nemo sauran layukan da ke nuni gare shi, ku yanke shawara ko a can za su ci gaba da tarayya ko kowane layi zai sami kwafinsa, domin lo_manage ba zai lamunci tarayya ba. Ginshiƙin da ka zuba mtime a ciki kuma ka sa masa suna da ke nuna cewa lokacin rubutu na ƙarshe ne a tsohon rumbu, ka bar na ranar shigowa babu komai ga tsofaffin takardu har sai an samo ranar daga rajistar ofis ko daga jikin takardar. Bayan ƙaura sai ka gwada girma da zanen yatsan kowace takarda a PostgreSQL da abin da ka rubuta, kada a kashe tsohuwar sabar sai layi na ƙarshe ya dace.